Tsakanin wayo da dattako a wasan golf: ina iyakar take?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta nan, tunda akwai masu bin ƙwallon lambu, wato golf, a cikinmu. Gasar Solheim Cup ce ta 2015, wadda aka yi a St. Leon-Rot a Jamus tsakanin matan Turai da matan Amurka. Ana kunnen doki a rami na 17, Alison Lee ta Amurka ta gangara ƙwallonta ta wuce rami da abin da bai fi kamu ɗaya ba. Ta ga Charley Hull ta Turai ta juya ta fara tafiya, sai ta ɗauka an yafe mata bugun, ta sunkuya ta ɗauke ƙwallon. Nan take Suzann Pettersen, abokiyar wasan Hull, ta ce ba su yafe ba. Alƙalin wasa ya ba Turai ramin. Lee shekararta 20, karonta na farko ke nan a gasar, ta fashe da kuka. Ita ma Hull, wadda ɓangarenta ne ya ci ramin, kuka ta yi.

Na san a doka Pettersen ba ta yi laifi ba. Amma ni a wurina abin da ta yi ya fi wasu laifuffukan da ake cin tara a kansu muni, domin ta ga yarinya ta ruɗe, ta kuma ci da ruɗewarta. Ina so in ji ra'ayinku.

Abba:
Wa'alaikumus salam Malam. Ni sabo ne a kallon wasan nan, a yi mini haƙuri. Mene ne yafe bugu? Ashe mutum yana iya cewa abokin hamayyarsa ba sai ya buga ba?

Malam Habibu:
Abba, wasan iri biyu ne. Akwai wanda ake ƙirga duk bugun da ka yi daga ramin farko har na ƙarshe, mai ƙarancin bugu shi ya ci. A wannan babu yafiya, sai ƙwallo ta shiga rami komai kusancinta. Akwai kuma na gaba da gaba, inda kowane rami cin gashin kansa yake yi, wanda ya fi cin ramuka shi ya yi nasara. Irinsa ake yi a Solheim Cup da takwararta ta maza, Ryder Cup. A nan in ƙwallon abokin karawarka ta tsaya dab da rami, kana da ikon ce masa ya ɗauka, a ƙirga kamar ta shiga. Amma dole yafiyar ta fito fili, ba zato ba. In ka ɗauke da zaton an gama alhali ba a yafe maka ba, a dokar wancan lokacin akwai tarar bugu ɗaya, wadda kan iya sa ramin ya tafi.

Injiniya Sadiq:
Malam Habibu, da girmamawa, ban yarda da kai ba ko kaɗan. Yaƙi ɗan zamba ne. Wannan ba wasan yamma ba ne tsakanin abokai, gasa ce da nahiya guda ta ɗora wa mutum 12 amanarta. Lee ƙwararriya ce, da wasan take ci take sha. Abu na farko da ake koya wa yaro a wasan gaba da gaba shi ne kada ka taɓa ƙwallonka sai ka ji an ce ka ɗauka. In ba ka ji da kyau ba, ka tambaya. Ita ba ta tambaya ba. Me ya sa za a ɗora wa Pettersen nauyin sakacin wata?

Kuma a tuna, hana yafiya ma makami ne. Tsofaffin 'yan wasa suna yafe maka gajerun bugu tun daga farko har ka saki jiki, hannunka bai saba da su ba ranar, sai an zo rami na 16 ko 17 inda zuciya ke bugawa su yi shiru su zuba maka ido. Wannan dabara ce da kowa ya sani, ba wanda ya taɓa kiranta cuta.

Barista Hauwa:
Injiniya, dabarar da ka ambata ta halatta, ban musa ba, amma ba ita ce ta faru a Jamus ba. A dabarar tsofaffin, mutum yana sane an bar shi ya buga, ƙarfin zuciyarsa ake gwadawa. A Jamus ba a gwada hannun Lee ba, ba a gwada zuciyarta ba, zatonta ne ya yaudare ta. Kuma tafiyar da Hull ta fara yi ita ce ta jawo ruɗanin, ko da ba da gangan ta yi ba. Wanda ya taimaka wajen haddasa kuskure bai kamata ya zama shi ne mai cin ribarsa ba.

Ita kanta Pettersen washegari ta fito ta nemi gafara a rubuce. In da ta tabbata daidai ta yi, me zai sa ta ba da haƙuri?

Injiniya Sadiq:
Barista, matsin lamba ne ya sa ta. Duniya ta taso mata, kuma Turai ta sha kashi. Sun shiga wasannin ɗaiɗai suna da maki 10, Amurka na da 6, aka tashi 14 da rabi da 13 da rabi, Amurka ta ɗauke kofi. Da Turai ce ta ci, ina tabbatar miki da yawa za su ce jaruma ce mai tsayawa a kan doka.

Dokta Nura:
Wannan sakamakon ma hujja ce a kanka Injiniya. Rami ɗaya ta samu, ta hura wa Amurkawa wutar da ta cinye su da rana. Ko ta fuskar dabara zalla aka duba, asara ce.

Amma a yi adalci, su ma Amurkawan ba su da bakin magana sosai. A Solheim Cup ta 2000 a Loch Lomond, Annika Sorenstam ta Turai ta buga daga wajen koren fili ƙwallo ta faɗa rami, sai Amurkawa suka ce ba ita ce ke da layin bugu ba, suka sa ta sake. Doka ta ba su wannan damar. Ta sake, ba ta shiga ba, ta yi hawaye. Sun ga tana shirin bugawa ba su ce komai ba, sai da ƙwallo ta shiga. Iri ɗaya ne da na Pettersen, riga ce kawai ta bambanta.

Malam Habibu:
Madalla Dokta, ka kawo abin da nake so a gani. Ba maganar Turai ko Amurka nake yi ba. Bari in kawo kishiyar abin. Ryder Cup ta 1969 a Royal Birkdale a Ingila. Makon duka cike yake da tsiya, har kyaftin ɗin Birtaniya, Eric Brown, ya hana yaransa taya Amurkawa neman ƙwallo in ta ɓace a ciyawa. Aka zo wasan ƙarshe, rami na ƙarshe, komai kunnen doki. Jack Nicklaus na Amurka ya jefa tasa, saura Tony Jacklin na Birtaniya da tazarar ƙafa biyu. In ya ɓarar, Birtaniya ta faɗi a gaban mutanensa, shi da ya ci British Open a shekarar, Baturen Birtaniya na farko da ya ci tun 1951. Nicklaus ya sunkuya ya ɗauke alamar ƙwallon Jacklin ya miƙa masa, ya ce masa bai zaci zai ɓarar ba, amma ba zai ba shi damar ɓararwar ba. Aka tashi 16 da 16, canjaras na farko a tarihin gasar. Nicklaus shekararsa 29, karonsa na farko ke nan a Ryder Cup. Shekaru da yawa bayan haka su biyun suka haɗu suka tsara filin golf a Florida suka sa masa suna The Concession don tunawa da ranar.

Wannan shi ne wasan da na sani, shi ya sa nake kallonsa.

Injiniya Sadiq:
Na san za a kawo wannan. To ga tambaya Malam: kayan wa Nicklaus ya yi kyauta da shi? Nasa ne? Akwai mutum 11 da suka yi kwana uku suna zufa, akwai kyaftin ɗin Amurka Sam Snead wanda ransa ya ɓaci ƙwarai a kan abin. Mutum ya yi kyauta da abin da ba nasa shi kaɗai ba, ya kwashe yabo shekara 50 da ɗoriya. In wakilinka a kasuwa ya yafe wa mai saye cikon kuɗi saboda ya ji tausayinsa, bai tambaye ka ba, dattako za ka kira shi ko cin amana?

Na biyu, a Ryder Cup in an yi canjaras mai riƙe da kofi shi ke ci gaba da riƙewa. Amurka ce ke riƙe da shi. Da Nicklaus ya jefa tasa ya riga ya san kofi zai koma gida. Kyautar ba ta yi masa tsada kamar yadda ake zuzutawa ba.

Barista Hauwa:
Wannan hujja ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Amma misalin wakilin kasuwa bai zauna daidai ba. Dokar wasan ce da kanta ta sa yafiya a hannun ɗan wasan da ke fili, ba a hannun kyaftin ba. Duk wanda ya sa ka a tawaga ya san ya miƙa maka wannan ikon. Nicklaus bai wuce hurumin da aka ba shi ba. Kuma maganarka ta biyu tana rushe ta farko: in kofi bai salwanta ba, to wace amana ya ci?

Injiniya Sadiq:
Amanar nasara. Riƙe kofi daban, cin gasa daban. A littafin tarihi 1969 canjaras aka rubuta.

Alhaji Mamman Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ba na bin golf kamar ku, ɗan kokawa ne ni tun ina yaro, amma muhawarar ta ja ni. A filin kokawa wayo ba abin kunya ba ne. Ka nuna za ka kama dama ka kama hagu, ka ja lokaci har abokin karawa ya gaji, makaɗa su zuga ka har gabansa ya faɗi, duk cikin wasa ne, da shi ake ɗaukar takobi. Amma in mutum ya tsaya yana gyara ɗamararsa saboda ya zaci an tsayar da wasa, ka rarumo shi ka kayar, ko alƙali ya ba ka, tsofaffin fili ba za su ƙirga maka wannan kaye ba. Abin da na fahimta a labarin yarinyar nan ke nan.

Baba Ɗanjuma:
Alhaji Mamman ya yi magana. Ku bar ni in sa baki, ni da na ɗauki jakar sanduna shekara 19 kafin gwiwa ta hana ni. Duk abin da kuke faɗa a talabijin kuka gani. Ni a ƙasa na gani, a filin da ba ciyawa a bakin rami sai yashi da aka shafe da mai.

Abin da ya raba golf da ƙwallon ƙafa shi ne fili ya yi faɗi, ba alƙalin da zai bi kowa. Mutum yana shiga cikin itatuwa shi kaɗai da yaron jakarsa. Abin da ya faru a can, daga shi sai yaron sai Allah. Na yi wa wani babban mutum aiki, ba zan faɗi sunansa ko filin ba. In ƙwallonsa ta faɗa bayan itace ba ya cewa komai, sai ya rage tafiya ya bar ni in riga shi isa. Ma'anar ita ce in taɓa ta da ƙafa ta fito sarari. Ranar da na ƙi, ya iso ya tarar da ita a gindin itace, bai yi mini faɗa ba, amma bai ƙara ɗaukata ba, kuma ya gaya wa abokansa ba ni da kai. Wata biyu ina zaman jiran aiki a ƙarƙashin darbejiya, ga iyali a gida.

Na kuma yi wa wani aiki, ɗan kasuwa ne, ba wani gwani ba. Yana gyara tsayuwa ƙwallo ta motsa kaɗan, wallahi ni da ke tsaye kusa ban gani ba. Ya ɗago ya ce Ɗanjuma ƙara mini ɗaya. Akwai kuɗi a kan wasan ranar, kuma da bugu ɗayan nan ya faɗi. Har yau in na tuna shi ina yi masa addu'a.

Don haka Injiniya, ni ba na tsoron wayon da ake yi a gaban jama'a. Wanda ake yi a bayan itace nake tsoro. Sai dai na lura, wanda ya saba da na farkon, na biyun ba ya yi masa wuya.

Injiniya Sadiq:
Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da aka yi maka zalunci ne, kuma abin da mutumin yake so ka yi sata ce, ba wayo ba. Ban taɓa kare wannan ba. Inda na saɓa da kai shi ne jimlarka ta ƙarshe. Seve Ballesteros na Sifaniya ya fi kowa wayo a fili, Paul Azinger na Amurka har sarkin wayo ya kira shi. Ana zarginsa da tari lokacin da abokin karawa ke shirin bugu, shi kuma ya ce mura ce ke damunsa. A Ryder Cup ta 1991 a Kiawah Island, shi da ɗan ƙasarsu José María Olazábal suna baya da rami uku, suka tayar da maganar cewa Azinger da Chip Beck suna canza irin ƙwallon da suke bugawa, abin da doka ta hana. Ba a ci Amurkawan tara ba saboda lokacin ƙorafi ya wuce, amma hankalinsu ya tashi, Sifaniyawan suka juya wasan suka ci. Wannan shi ne Seve. Amma wa ya taɓa kama shi yana tura ƙwallo da ƙafa? Kuma shi ne ya farfaɗo da Ryder Cup bayan an shigo da sauran Turai a 1979. Da kowa irin Nicklaus ne, da gasar ba ta da gishiri.

Dokta Nura:
Maganar ƙwallon Azinger ba wayo ba ce ma, gaskiya ce suka faɗa, an karya doka. Tarin ne abin tambaya. In da gangan ne, to ba shi da maraba da girgiza makullai a aljihu ko tsayawa inda inuwarka za ta faɗa kan layin mutum. Wannan ba gwada gwaninta ba ne, hana mutum nuna tasa ne.

Abba:
Baba, labarin ɗan kasuwan nan ya taɓa ni. A cikin manyan ƙwararru akwai wanda ya taɓa kai ƙarar kansa haka, alhali ga kuɗi masu yawa?

Malam Habibu:
Akwai Abba, kuma tun da daɗewa. Bobby Jones a US Open ta 1925 a Worcester ya ce ƙwallonsa ta motsa lokacin da yake shirin bugu, ba wanda ya gani, jami'ai ma suka nemi su bar maganar, ya dage sai an ƙara masa bugu ɗaya. A ƙarshe ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka yi wasan raba gardama ya faɗi. Da aka yabe shi, ya ce wannan kamar a yabi mutum ne don bai yi fashi a banki ba. Har yau hukumar golf ta Amurka tana ba da lambar girmamawa da sunansa.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne Brian Davis, Baturen Ingila, a 2010 a Harbour Town. Bai taɓa cin gasa a PGA Tour, jerin gasannin ƙwararru na Amurka, ba. Ya kai wasan raba gardama da Jim Furyk, ƙwallonsa ta faɗa bakin ruwa cikin yashi da ciyayi. Da ya ɗaga sanda baya, sai ya ji kamar ya taɓa wani busasshen kara. Shi da kansa ya kira alƙali ya ce a duba. Sai da aka rage saurin hoton bidiyo kafin a gani. Tarar bugu biyu, Furyk ya ɗauki kofi. Bambancin kuɗin na ɗaya da na biyu ya kai dala dubu 400. Kuma har ya gama zamaninsa bai ci gasa a can ba. Injiniya, wannan dai ba za ka ce da kayan wani ya yi kyauta ba.

Injiniya Sadiq:
A'a, wannan na sara masa. Ko da yake ƙwallon tasa ta tsaya nesa da rami, Furyk ne ke da rinjaye ko ba tara, amma lokacin da ya kira alƙali bai tsaya lissafin wannan ba. Abin da zan ƙara shi ne a 2019 an soke wannan dokar, yanzu kana iya taɓa irin wannan karan ba laifi. Kun ga ke nan wani lokacin dokar ce ba ta da ma'ana, mutumin kirki ya yi asara a banza.

Barista Hauwa:
Ba a banza ba. Dokar da ke aiki ranar ita ce ta hau kan kowa, har da waɗanda aka fitar daga gasar tun ranar Juma'a. Amma na yarda dokokin golf sun sha cutar da masu gaskiya. Roberto De Vicenzo a Masters ta 1968, ranar da ya cika shekara 45: abokin wasansa Tommy Aaron ya rubuta masa 4 a rami na 17 alhali 3 ya yi, duniya duka ta gani. Ya sa hannu bai duba ba. Doka ta ce abin da ka sa wa hannu shi ne naka, Bob Goalby ya ɗauki koriyar rigar zakaran gasar ba tare da raba gardama ba. De Vicenzo bai zargi Aaron ba, kansa ya zarga. Haka Lexi Thompson a 2017, wani mai kallo a gida ya aika saƙo cewa ba ta mayar da ƙwallo daidai inda ta ɗauka ba ranar Asabar, aka tare ta ranar Lahadi tana tsakar wasa tana kan gaba aka ce an ƙara mata bugu huɗu. Bayan wannan ne aka daina karɓar ƙorafin masu kallon talabijin.

Inda nake so in kai shi ne, bin doka da dattako ba abu ɗaya ba ne. Phil Mickelson a US Open ta 2018 a Shinnecock Hills, rami na 13, ya ga ƙwallonsa za ta gangare ta bar koren fili, ya bi ta da gudu ya buge ta tana tafiya. Aka ci shi tarar bugu biyu, ya tashi da 10 a ramin. Da aka tambaye shi ya ce ya san dokar, ya zaɓi ya biya tarar ne. Wato ya mayar da tara farashi. Bayan 'yan kwanaki ya nemi gafara. In kowa zai riƙa auna laifi da tararsa ya ga wanne ya fi araha, wasan ya mutu.

Dokta Nura:
Sai kuma Patrick Reed a Bahamas a 2019, kyamara ta nuna sandarsa ta share yashin bayan ƙwallo har sau biyu yana gwajin bugu. Tarar bugu biyu, kuma da bugu biyun ya gaza kamo Henrik Stenson. Shi ya ce ba da niyya ba ne, kusurwar kyamara ce ta nuna haka. Allah ne ya san zuciyarsa. Amma tun ranar duk abin da ya yi a fili da ido biyu ake kallonsa.

Baba Ɗanjuma:
Haka wasan yake Dokta, tabo ba ya goguwa. Vijay Singh na Fiji, wanda ya zo nan ƙasar ya ci Nigerian Open a 1988 da 1989, an dakatar da shi a Asiya a 1985 kan zargin gyara katin maki a Indonesiya. Shi ya ce rashin fahimta ne. Ya koma Borneo yana koyar da wasa don ya ci abinci. Daga baya ya ci Masters a 2000, ya zama na ɗaya a duniya a 2004, ya sauke Tiger Woods. Duk da haka 'yan jarida ba su daina tono maganar 1985 ba. Shi ya sa muke gaya wa yara, katin maki ba a wasa da shi.

Malam Habibu:
Akwai ɓangaren da ba mu taɓa ba, wato 'yan kallo da murna. Ryder Cup ta 1999 a Brookline: Justin Leonard na Amurka ya jefa ƙwallo daga ƙafa 45 a rami na 17, 'yan wasan Amurka da matansu suka ruga cikin koren fili suna tsalle, alhali Olazábal yana da bugun da in ya jefa gasar ba ta ƙare ba. Sai da ya jira aka watse, ya buga ya ɓarar. A ranar nan kuma, a fili ɗaya, Payne Stewart na Amurka ya ga irin zagin da 'yan kallo suka yi wa abokin karawarsa Colin Montgomerie na Turai tun safe, da suka zo rami na 18 ya yafe masa, ya bar masa wasan. Wata ɗaya bayan haka Stewart ya rasu a haɗarin jirgin sama.

Dokta Nura:
Kuma abin bai gyaru ba. A Ryder Cup ta 2025 a Bethpage a New York zagin da aka yi wa Rory McIlroy ya wuce misali, ana yi masa ihu yana shirin bugu, har aka jefo kofin giya ya sami matarsa. Na ga Justin Thomas yana ɗaga hannu yana roƙon mutanensu su yi shiru, wannan na yaba masa. Turai ta ci 15 da 13. Injiniya, gishirin da kake so ke nan in ya yi yawa.

Injiniya Sadiq:
Haba Dokta, kada ka haɗa ni da mashaya. Zagin iyalin mutum ba dabara ba ce, rashin tarbiyya ne. Ni maganata a kan 'yan wasa biyu ce da suka san doka, kowa yana neman ya karya lagon ɗan'uwansa ta hanyar da aka yarda. Kuma har yanzu ina nan a kan cewa da ni ne Nicklaus, Jacklin sai ya buga. A Fancourt a Afirka ta Kudu a 2003, da duhu ya yi wa Tiger da Ernie Els bayan rami uku na raba gardama, kyaftin ɗin ɓangarorin biyu, Nicklaus da Gary Player, suka amince a raba kofin Presidents Cup, gasar Amurka da sauran ƙasashen da ba na Turai ba. Wannan na yarda da shi, domin an tuntuɓi 'yan wasa kafin a yanke. A 1969 ba a tuntuɓi kowa ba.

Barista Hauwa:
To mu koma Jamus. Kai ne Pettersen, kana tsaye, ka ga Lee ta nufi ƙwallonta za ta sunkuya, ka kuma gane ta zaci an yafe. Me za ka yi?

Injiniya Sadiq:
Zan ce mata ta tsaya, ba a yafe ba, ta buga. Ba zan yafe ba, kamu ɗaya a rami na 17 ba abin yafewa ba ne a wurina. Amma zan faɗa da ƙarfi kafin hannunta ya kai. In kuma ban ankara ba sai da ta ɗauka, to a nan ne nake da shakka. Wataƙila in yafe rami na 18 a tashi kunnen doki. Wataƙila kuma in tuna da mutum 11 da ke jirana. Ba zan yi muku ƙarya in ce na tabbata ba.

Malam Habibu:
Ni wannan ya ishe ni daga gare ka Injiniya, ko da ba mu haɗu a kan Nicklaus ba. Kuma don kada a ce na tsani Pettersen, ita ce ta jefa bugun ƙarshe da ya ba Turai kofi a Gleneagles a 2019, ta kuma ajiye sanda a ranar. Na yi mata murna har zuciyata. Abin da ta yi a 2015 ne ban yarda da shi ba, har gobe.

Abba:
Na gode iyayena, na ƙaru sosai. Baba Ɗanjuma, in mutum yana so ya fara, sai ya sayi sanduna tukuna?

Baba Ɗanjuma:
A'a ɗana, kada ka sayi komai yanzu. Ina da tsofaffi guda uku a gida, sun ishe ka wata shida. Ka yi mini magana ta gefe mu shirya, ranar Asabar bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Ka zo da takalmi mara tsini, da hula, da kwabo ɗaya a aljihu na sa alamar ƙwallo, da fensir. Kai za ka riƙa rubuta nawa, ni in rubuta naka.